Ƙidayar Marken Jatau

Mai unguwa ya miƙo min littafi da biro.
Ya ce, "Ilu, kai ne ka yi boko,
bi gida-gida ka ƙirgo mana garin nan,
masu haƙa famfo suna son adadi."

Na fara daga gindin marke,
inda aka ce Jatau ya sauke kaya,
shi da matarsa Tambaya da jaki mai yankakken kunne.
Sai da ya haƙa rijiya gaba goma sha biyu
kafin ya kafa bukka.
Kakata ta ce kukan kura ne agogonsu na dare.
Garin mutum biyu ke nan,
uku in ka sa jakin.
Yau marken kututture ne,
mai faci ya jingina masa tayoyi.

Gidan Sallau maƙeri, goma sha tara.
Na rubuta. Ya ce, "Dakata, kada tawada ta bushe,
Kyauta na kan gwiwa tun hantsi."
Ban kai bakin zaure ba na ji kukan jariri.
Na soke, na sa ashirin.

A marina karofi sun cike da ƙasa,
jikokin masu shuni suna sana'ar cajin waya,
amma tafin Malam Barau har yau shuɗi ne,
ya ce da shi za a binne shi.

Mutanen asuba ne suka ba ni wuya,
masu bin motar farko zuwa Kano,
'yan dako a Singa, teloli, masu gadi a Sharaɗa.
Rana ba ta san su a garin nan ba,
'ya'yansu da fitila suke ganin fuskarsu.
Sai na tsaya ƙofar masallaci da isha'i
na ƙirga takalma, na raba biyu.

Gabas da firamare, inda muke gayyar gero,
yanzu turaku ne da bulo, fuloti na bin fuloti.
Wani ma'aikacin asibiti da haya ta koro daga Fagge
ya leƙo ta ƙaramar ƙofar ƙarfe,
ya ce, "Ni baƙo ne, kada ka sa ni."
Na ce, "Ran da mahaifiyarka ta rasu,
su wa suka haƙa kabari cikin ruwan sama?"
Ya daɗe yana kallon ƙasa.
Ya ce, "Mu shida ne."

A ruga Inna Wuro ta yi dariya:
"Ba ma ƙirga 'ya'ya, ba ma ƙirga shanu."
Ta dama min fura.
Ina sha, ina satar kallon ludayan da ta shanya,
goma sha ɗaya, har da ɗan ƙarami.

Gwaggo Ladidi ta kama min hannun riga,
wai sai na sa Ɗanjuma.
Shekara bakwai yana Fatakwal, ko waya sai da salla.
Ta ce, "Ga kwanonsa can, kullum ina wankewa."
Na sa shi.

Hanyar dawowa ta bi ta maƙabarta.
Littafin bai ware musu layi ba,
alhali unguwarsu ta fi kowace cika,
kuma ba wanda ya taɓa tashi daga cikinta.
Na yi musu sallama na wuce.

Dubu huɗu da ɗari biyu da sittin da ɗaya.
Mai unguwa ya bi shafukan da yatsa,
ya ɗago ya ce, "To, kai fa?"
Ashe na manta da kaina.

Muna cikin dariya lasifika ta yi gyaran murya:
Allah ya yi wa Malam Barau rasuwa,
jana'iza bayan la'asar.
Gobe kuma akwai suna gida biyu.

Na rufe littafin.
Can bayanmu guga na sauka rijiyar Jatau,
igiya na cin bakin itace kamar yadda ta saba.
Na ce wa masu famfo,
"Adadin ba ya zama wuri ɗaya.
Ku dai haƙa da zurfi."